Muhawara kan suyar naman shanu da burokoli irin ta Sinawa a gida

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san girkin Sinawa a kan suyar naman shanu da burokoli, wadda ake ci da farar shinkafa. A gidajen cin abinci naman yana zuwa da laushi ƙwarai, miyar tana da kauri da sheƙi tana manne da kowane yanki, burokolin kuma yana nan kore shar da ɗan ƙarfinsa. A gida kuwa, da zarar an zuba naman a kasko sai ya saki ruwa, suya ta koma dahuwa, ya yi tauri, kafin ruwan ya tsotse kuma burokolin ya riga ya dafe. Shin matsalar daga irin naman da muke saye take, ko daga wuta, ko kuwa akwai wani kayan haɗi da ba mu sani ba?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam, 'yata. Dukkan abubuwa ukun da kika ambata suna da hannu a ciki, amma nama ne kan gaba. Shanunmu na kiwo ne, suna tafiya mai nisa, kuma yawanci ranar da aka yanka ake sayar da naman, saboda haka tsokarsu ta fi tauri. Wannan girki kuwa minti biyu ko uku kawai nama yake yi a wuta, babu lokacin da zai yi laushi da kansa kamar yadda yake yi a farfesu. Don haka duk laushin da kike nema, kafin a kunna wuta ake samar da shi.

Ki ce wa mahaucinki ya ba ki tsoka zalla marar jijiya da kitse, mafi kyau ita ce doguwar tsokar nan mai laushi da ke kwance a jikin ƙashin baya ta ciki, idan babu ita kuma tsokar cinya ta wadatar. Idan kika duba tsoka da kyau za ki ga zare-zarenta sun miƙe sun nufi gefe guda. A gicciye za ki yanka su, kada wuƙa ta bi tsawonsu, domin yankan gicciye yana gajarta zaren ta yadda haƙori ba zai sha wahala ba. Kaurin kowane yanki kada ya kai rabin santimita. Idan naman yana santsi yana ƙin yankuwa, ki sa shi a firiza na kamar minti 30 har ya ɗan sandare, za ki ga wuƙa tana tafiya yadda kike so.

Bayan yanka sai jiƙo. Ga rabin kilo na nama, ki zuba babban cokali ɗaya na soya sos, wato baƙin ruwan nan mai gishiri da ake yi da waken soya, babban cokali biyu na ruwa, da kwatan ƙaramin cokali na bakin soda, ki murza da hannu har naman ya shanye ruwan gaba ɗaya. Daga nan ki barbaɗa babban cokali ɗaya na kwan fulawa, wato farin sitacin masara, ki sake murzawa, a ƙarshe ki zuba babban cokali ɗaya na mai ya rufe shi. Ki bar shi ya huta minti 20 zuwa 30.

Anti Laraba:
Hajiya, ranki ya daɗe, ina da tambaya a kan bakin soda. Mu da muka tashi muna jefa 'yar kanwa a tukunya idan nama ko wake ya ƙi nuna, ba za mu iya amfani da ita a nan ba? Kanwa tana kowane gida, bakin soda kuwa sai an je kanti, kuma sau da yawa mai kanti yakan miƙo bakin hoda ya ce duk ɗaya ne.

Malama Ummu Salma:
Anti Laraba, tunaninki yana kan hanya, domin aikin da suke yi iri ɗaya ne. Bakin soda yana rage tsamin da ke jikin nama, kuma idan tsamin ya ragu, furotin ɗin tsoka ba ya matsewa sosai lokacin da zafi ya taɓa shi, sai naman ya riƙe ruwansa maimakon ya tatse shi cikin kasko. Kanwa ma tana yin haka, don a cikinta akwai sinadarin bakin soda ɗin kansa tare da wani ɗan'uwansa da ya fi shi ƙarfi. Inda matsalar take shi ne ƙarfin kanwa ba shi da ma'auni tabbatacce, wata ta fi wata kaifi gwargwadon inda aka haƙo ta, sannan tana zuwa da ƙasa da wasu gishirai. A tukunyar da ke cike da ruwa ƙaramin kuskure yana ɓacewa, amma a kan siraran yankan nama da za a soya kai tsaye, ɗan ƙari kaɗan zai sa ya yi santsi, launinsa ya sauya, a ji ɗanɗanon sabulu a baki. Shawarata ita ce a nemi bakin soda, tunda kwali ɗaya zai daɗe ƙwarai.

Bakin hoda kuwa daban yake. An riga an haɗa shi da wani sinadari mai tsami domin ya tayar da fulawa, kuma wannan tsamin yana kashe mafi yawan aikin da muke nema a nan. A duba rubutun jikin kwalin da kyau kafin a biya kuɗi.

Akwai kuma hanya ta biyu ga wanda namansa ya cika tauri: a zuba ƙaramin cokali ɗaya da rabi na bakin soda a rabin kilo, a bar shi minti 20, a wanke shi tas da ruwa, a tsane shi da kyalle mai tsabta, sannan a yi jiƙon ba tare da ƙara wani bakin sodan ba.

Hajiya Babba:
Malama, na yarda da bayaninki a kan kanwa, amma hanya ta biyun nan ba na son ta. Naman da aka wanke bayan ya sha soda mai yawa yana yin laushin da ya wuce kima, har mutum ya kasa gane naman shanu yake ci, kuma wani ɓangare na ɗanɗanonsa yana bin ruwan wankin. Ni na fi son a ci nama a ji nama. Idan tsoka ta yi taurin da kwatan cokali ba zai iya da ita ba, to ba ta dace da wannan girki ba tun farko, gara a yi miya da ita a sayo wata.

Malama Ummu Salma:
Gaskiya ne Hajiya, ɗanɗano yana raguwa, ban musa ba. Na kawo ta ne saboda ba kowa ke da halin zaɓen tsoka ba, wani abin da aka aiko masa daga kasuwa shi zai girka. Idan aka tsaya a minti 20 ba a wuce ba, laushin ba ya kai inda kike tsoro.

Baban Walida:
Ina biye da ku tun ɗazu, kuma ina so in ƙara wani abu a kan asalin abincin, domin yana taimakawa wajen fahimtar yadda ya kamata ya fito. Harkar kasuwanci tana kai ni Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong a ƙasar Sin, kuma abin da na fi gani a can shi ne naman shanu da wani ganye da suke kira gai lan, mai dogon kara da faffaɗan ganye da ɗan ɗaci kaɗan. Wanda muke magana a kai, mai burokoli mai dunƙulallen kai, a Amurka ya yi suna. Sinawan da suka fara zuwa Kalifoniya da yawa bayan an gano zinariya a 1848, mafi yawansu mutanen lardin Guangdong ne, kuma da salon girkinsu suka tafi. Burokoli kuma 'yan ci-rani daga Italiya ne suka yaɗa nomansa a Kalifoniya a shekarun 1920, sai masu gidajen abinci na Sinawa suka sa shi a gurbin gai lan tunda shi ne ake samu cikin sauƙi kuma masu saye sun saba da shi. Irin na Amurka ya fi yawan miya da zaƙi, na Guangdong kuwa miyarsa kaɗan ce, iya abin da zai lulluɓe naman.

Girkin mutanen Guangdong yana girmama ɗanɗanon abin da aka dafa, ba sa cika masa kayan yaji. Citta ɗanya da tafarnuwa da albasa mai lawashi su ne ginshiƙi, kuma man gyaɗa suke yawan suya da shi saboda yana jure wuta mai ƙarfi. Ta wannan fuska mu ba mu rasa komai ba, domin man gyaɗa namu ne, citta kuma ga ta nan daga kudancin Kaduna.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Alhaji. To ita miyar fa, me ake haɗawa? Na ga wasu suna ambaton oista sos da kuma wani ruwa da ake kira Shaoxing, kuma ban saki jiki da su ba.

Baban Walida:
Kina da dalilin yin hattara da na biyun. Shaoxing giyar shinkafa ce, sunan wani birni ne a lardin Zhejiang inda ake yin ta, kuma da yawan girke-girken Sinawa suna zuba cokali ɗaya ko biyu a jiƙon nama ko a gefen kasko. Sinawa Musulmi, irin 'yan ƙabilar Hui da suka shahara da taliyar naman shanu ta birnin Lanzhou, suna girkinsu ba tare da ita ba, kuma babu wanda ya ce abincinsu ya gaza. Ki zuba romon nama ko na kaza a madadinta, ki ƙara citta kaɗan. Oista sos kuwa daga ruwan kawa ta teku ake yin sa, a dafa shi har ya yi kauri ya yi duhu, a ƙara gishiri da sukari da sitaci. Kamfanin Lee Kum Kee mai yin oista sos yana danganta ƙirƙirarsa ga wanda ya kafa kamfanin, Lee Kum Sheung, a shekarar 1888 a Guangdong. Hukuncin cin sa sai malamai.

Malam Abu Hafsa:
Bismillah. Game da kawa, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi, dabbobin ruwa halal ne, dogaro da aya ta 96 a cikin Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku da abincinsa, da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa wanda ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Hanafawa sun taƙaita halaccin a kan kifi kawai, saboda haka wanda yake bin wannan fahimta yana iya neman irin wanda ake yi da naman kaza na tsiro, wato lemar kwaɗi da ake nomawa don ci, ana sayar da shi domin masu ƙaurace wa nama.

Giyar girki kuwa a bar ta gaba ɗaya. Hujjar da wasu ke kawowa cewa tana ƙonewa a wuta ba ta sauya cewa an sayi giya an zuba a abinci da gangan. Shi kuma soya sos, wanda aka tsima ta hanyar gargajiya yana iya ɗaukar ɗan burbushin barasa da ke samuwa daga tsimin kansa, malamai sun yi magana a kai, kuma mafi kwanciyar hankali shi ne a sayi kwalbar da ke ɗauke da tambarin halal na hukuma sananniya, kamar JAKIM ta Malesiya. Allah ne mafi sani.

Malama Ummu Salma:
Allah ya gafarta Malam, ko ta fuskar kimiyya ma hujjar ƙonewar ba ta tsaya ba. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa abincin da aka zuba wa barasa aka dafa minti 15 yana iya riƙe kusan kashi 40 cikin 100 nata, wannan suya kuwa ba ta kai rabin wannan lokacin a wuta.

Hajiya Babba:
Madalla. Ga ma'aunin miyar, 'yata, na rabin kilo na nama da burokoli babban kai ɗaya. Oista sos babban cokali biyu, soya sos mai haske babban cokali ɗaya, soya sos mai duhu ƙaramin cokali ɗaya, sukari ƙaramin cokali ɗaya, romo rabin kofi, kwan fulawa ƙaramin cokali biyu, da ɗan farin masoro idan akwai. Mai hasken shi ne na gishiri, mai duhun kuma don launi ake sa shi, idan babu shi girki ba zai ɓaci ba, sai dai miyar ba za ta yi duhu sosai ba. Ki haɗa su duka a kwano tun kafin ki kunna wuta, kuma ki sake motsawa daf da zubawa domin sitacin yana kwanciya a ƙasa. Romon ya kasance mai sanyi, idan da zafi sitacin zai yi gudaji. Kada ki yi amfani da garin kastad a madadin kwan fulawa, ko da yake sitaci ne, an sa masa launi da ƙamshin da ba su dace da nama ba.

Maman Nanah ta Jos:
Bari in sa baki a kan burokolin, tunda a wajenmu ake noma shi saboda sanyin Filato, kuma daga kasuwar Farin Gada ake lodinsa zuwa garuruwa da dama. Ki zaɓi wanda kansa ya matse, launinsa kore mai duhu, karansa da ƙarfi. Idan ya fara rawaya ko 'yan furanninsa sun buɗe, ya kwana biyu, zai yi wari idan ya ji wuta. Ki yanka shi ƙananan rassa masu girma ɗaya, ki jiƙa a ruwan gishiri minti 10 domin ƙananan tsutsotsi da ƙwari suna ɓuya a cikin kan. Karan nan mai kauri kada ki zubar, ki fere bayansa ki yanka siri-siri, ya fi sauran zaƙi.

Abin da ke hana shi dafewa shi ne kada a soya shi daga ɗanye tare da nama. Ki tafasa ruwa da gishiri da ɗigon mai, ki zuba burokolin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ki kwashe a kwando ya tsane sosai. Idan ba nan take za ki soya ba, ki watsa masa ruwan sanyi don dahuwar ta tsaya. Ruwan da ya maƙale a kansa yana tsinka miya, saboda haka tsanewar tana da muhimmanci.

Anti Laraba:
To saura maganar wuta. Gas ɗinmu na gida ba ya kai na gidajen abinci ƙarfi, kuma ba kowa ke da kaskon nan nasu na wok ba.

Baban Walida:
Haka ne Anti, murhunsu yana fitar da wuta mai ruri wadda ta ninka ta gida sau da yawa, kuma ita ke ba abincin wani ƙamshin hayaƙi da mutanen Guangdong ke kira wok hei. A gida ba za a same shi cikakke ba, amma ana kusantarsa. Kaskon ƙarfe mai zurfi da ake tuyar ƙosai a ciki sifarsa ɗaya da wok, kuma idan aka ɗora shi a kurfoti da gawayi ya kama sosai, zafinsa ya fi na ƙananan kawunan gas da yawa. Abin da ba na ba da shawara shi ne kaskon da aka shafe cikinsa don kada abinci ya kama, domin ba a yi shi don irin wannan zafin ba.

Hajiya Babba:
Alhaji ya faɗi gaskiya, amma ko da gas ɗin gida ana samun abin da ake so idan an kiyaye abu ɗaya, wato kada a cika kasko. Wannan shi ne babban dalilin ruwan da kika ce naman yana saki, 'yata. Nama mai sanyi idan ya yi yawa yana kashe zafin kasko nan take, ruwan da ya fito bai samu zafin da zai ƙone shi ba, sai ya taru naman ya koma dahuwa a cikinsa. Rabin kilo kashi biyu za ki raba shi, idan wutarki ba ta da ƙarfi ma kashi uku.

Ki ɗora kasko babu komai har ya fara ɗan hayaƙi, ki zuba man gyaɗa babban cokali biyu ki juya ya shafe ko'ina, sannan ki shimfiɗa naman ɗaiɗai kada wani ya hau kan wani. Ki cire hannunki kamar daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya har ƙasansa ya yi ja, ki juya na wasu daƙiƙa 30, ki kwashe tun cikinsa bai gama nuna ba, domin zai dawo wuta. Idan kashi na biyu ya fita, ki rage wuta kaɗan, ki zuba yankakkiyar citta da tafarnuwa ƙwaya uku ko huɗu, ki juya daƙiƙa 15 kawai don tafarnuwa tana saurin ƙonewa ta yi ɗaci. Sai ki ƙara wuta, ki zuba burokoli, ki mayar da naman tare da ruwan da ya tsatso a faranti, ki motsa miyar ki zuba. Cikin minti ɗaya za ki ga ta yi kauri ta fara sheƙi. Nan za ki sauke, ki ɗiga man riɗi ƙaramin cokali ɗaya bayan an kashe wuta, domin irin nasu na gasasshen riɗi ne, don ƙamshi ake sa shi, kuma ƙamshin yana gudu idan ya daɗe a wuta. Shinkafa ta riga ta nuna tana jira kafin ki fara duk wannan.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Maigidana ba ya cin abinci babu yaji, shin zan iya sa attaruhu, kuma ana ƙara dunƙulen magi?

Baban Walida:
A Guangdong ba a sa masa yaji, amma a lardunan Sichuan da Hunan suna soya naman shanu da barkono mai zafi sosai, saboda haka ba baƙon abu ba ne a girkin Sinawa. Sai dai attaruhu yana da ƙamshinsa mai ƙarfi da zai iya danne na citta da oista sos. Ni zan zaɓi busasshen barkono ƙwaya biyu ko uku a jefa tare da tafarnuwa, ko kuma a ajiye yaji a gefe kowa ya ɗiba.

Maman Nanah ta Jos:
Ni kam ina sa rabin attaruhu, na yanka shi siri-siri bayan na cire 'ya'yan, kuma bai taɓa danne komai ba. Abin da ke ɓata shi shi ne a jajjaga da yawa kamar za a yi miyar dage-dage.

Malama Ummu Salma:
Maganar magi kuwa, ina roƙon a bar shi, kuma kada a ƙara gishiri. Babban cokali ɗaya na soya sos yana ɗauke da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, kusan miligiram 900, ga na oista sos a kai, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai miligiram 2,000 a yini, wato kimanin giram 5 na gishiri. Idan a gidan akwai mai hawan jini, a nemi soya sos mai rangwamen gishiri, a yi romon babu gishiri, a kuma ƙara yawan burokolin a kan naman.

Anti Laraba:
Hajiya, tambayata ta ƙarshe. Idan baƙi ne da yawa, kamar mutum 15, za a iya girka shi da safe a ɗumama da yamma?

Hajiya Babba:
A'a, Laraba, ɗumame yana ɓata shi, burokolin zai dafe ya sauya launi, naman ya yi tauri, miyar kuma ta tsinke. Abin da ake yi da safe shi ne shiri: a yanka nama a jiƙa a sa a firij, a tafasa burokoli a sanyaya a tsane, a haɗa miya a kwalba, a yanka citta da tafarnuwa. Idan jiƙon zai wuce awa biyu, ki rage bakin sodan zuwa rabin abin da na faɗa. Mutum 15 za su buƙaci kamar kilo biyu na nama idan akwai shinkafa wadatacciya. Minti 30 kafin a ci, ki soya naman kashi-kashi kwatan kilo a kowane zubi, kina goge kaskon idan ƙasansa ya fara baƙi, ki tara shi a faffaɗan tire ba tare da kin rufe ba don kada tururi ya jiƙa shi. Haɗawar ƙarshe da burokoli da miya ita ma ki yi ta sau huɗu, kowane zubi ki juye a faranti a kai wa baƙi da zafinsa kafin ki ɗora na gaba, kuma ki sa wata ta tsaya kusa da ke tana miƙo miki kayan.